Yadda Muka Share Hujjarmu da Tsintsiya

Yau da safe wandona ya ci amanata a layin mai. Na turo ɗan babur ɗina tun daga bakin titi, na samu wuri a bayan wani direban motar haya da ya riga ya shimfiɗa kwali a inuwar motarsa ya miƙe ƙafa, alamar ya san abin da ban sani ba. Da layin ya ɗan motsa, na ɗaga ƙafa zan hau in matsa gaba, sai na ji ƙeeet daga baya, tun daga ƙugu har zuwa inda ba a faɗa a jarida. Kafin in gama jimamin wando, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare. Na cire rigar sama na ɗaura a ƙugu, na juyo gida ba mai, ba mutunci, ina tafe ina raɓe-raɓe da bango.

Ban damu ƙwarai ba, domin ina da Tela. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma shekara da shekaru shi ke rufa mini asiri duk lokacin da tufafina suka yi niyyar tona shi. Amma da na leƙa shagonsa, sai na tarar da shi zaune a ƙasa da sukudireba a hannu, yana cire kan keken ɗinki daga teburinsa. An cusa yadduka a buhu. Madubin nan mai tsaga, wanda ke nuna mutum da kai biyu, an jingine shi a bakin ƙofa.

Na ce, "Tela, ashe dai da gaske kake?"

Ya ce, "Malam, mota na hanya."

Ku gyara zama, masu karatu, in ba ku labarin yadda muka kai nan. Kada wanda ya ce ƙaddara ce kawai. Akwai sa hannun manya a ciki, akwai kuma na tsintsiya.

Gidan Tela shi ne na ƙarshe a layinmu. Mahaifinsa ne ya gina shi da hannunsa, a lokacin da bayan gidan fili ne da yara ke buga ƙwallo. Wata rana wata motar shara daga kasuwa ta zo ta juye a filin, wai na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan ya yi girma har ya fi gidan tsawo. Bolar ta koyi kunna wa kanta wuta, ba dare ba rana, hayaƙin kuma bai san wata hanya ba sai tagar ɗakin da Auta, 'yar Tela ta ƙarshe, take kwana. Yarinya ce 'yar firamare mai surutu kamar rediyo, amma in tarin ya taso mata sai an zaunar da ita an riƙe kafaɗunta, mu a namu gidan muna jin yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Likita ya gaya wa Tela gaskiya ba kwana-kwana: ko bolar ta tashi, ko yarinyar ta tashi. Tela kuwa ba ya son barin gidan ubansa, ga masu kawo masa ɗinki duk a nan suke.

Ana cikin haka sai Allah ya kawo mana wakilinmu a majalisar dokokin jiha, Mai Girma Sai-na-dawo. Mun sa masa wannan suna ne saboda duk abin da ka roƙe shi, amsar ke nan, kuma ba a taɓa kama shi da laifin dawowa ba. To, wannan karon ya ba maraɗa kunya. Ya gabatar da ƙudurin dokar da za ta hana zubar da shara kusa da gidaje da makarantu, a kwashe wadda ke nan zuwa bayan gari. Har layinmu aka ambata a ciki a matsayin misali. Ranar da muka ji, mai ɗakina ta ce in daina zagin mutumin nan a rubutuna, na ce na daina sai in ya sake.

A daidai lokacin ne majalisar ta ƙaddamar da shafin intanet na bibiyar ƙudurori, domin talaka ya ga inda dokarsa ta kwana ba tare da ya dami kowa ba. Dole a yaba. An yi biki, an yanka kirtani, an kawo baƙi, duk don shafin da ke cikin waya. In ka buɗe shi, abu na farko da zai fito shi ne hoton Ranka-ya-daɗe Mai Guduma, kakakin majalisar, kuma a hankali yake saukowa: hula tukuna, sai goshi, sai tabarau, kafin a kai ga murmushin datarka ta yi rabi. In ka yi haƙuri ka wuce nan, za ka ga kowane ƙuduri da launinsa. Fari yana nufin an karɓa, ruwan ɗorawa ana kan aiki, kore an gama. Babu ja. An ce wani babba ne ya hana, wai ja yana tayar wa masu zuba jari da hankali.

Tela, mutumin da a da ko saƙo aka turo masa sai ya kawo mini in karanta, ya zama gwanin shafin nan. Ya ɗaure wayar da ƙyalle a jikin keken ɗinki, yana taka feda yana leƙe. Ya haddace lambar ƙudurin fiye da awon wuyana. In ka kai masa ɗinki, kafin ya auna ka sai ya yi maka darasi.

"Ka ga, Malam, karatu na farko, sai na biyu, sai kwamiti, sai na uku, sai a kai wa babban su ya sa hannu. Shi ke nan."

Na ce, "Kamar ɗinkin riga ke nan."

Ya ce, "Ina fa! Ni in na ce maka jibi, aƙalla wata mai zuwa za ka samu."

Ranar karatu na farko har majalisar muka je ni da shi. Ya sa rigar da ya ɗinka wa kansa, muka hau benen 'yan kallo muka zauna kamar mutanen kirki. Wani ma'aikaci ya miƙe ya karanta sunan ƙudurin, Mai Guduma ya buga, aka wuce. Tela ya sunkuya yana gyara takalmi, da ya ɗago an gama. Ya tambaye ni yaushe za a fara, na ce ai har an yi. Duk hanya yana mamakin yadda ake kiran wannan karatu, wai shi zira zare a allura ma ya fi ɗaukar masa lokaci.

Karatu na biyu ne ya koya mana haƙuri. An sa rana, aka ɗage, saboda masu girma ba su cika adadin da ake bukata ba. Aka sake sawa, aka ɗage, saboda sun tafi ta'aziyyar surukin ɗaya daga cikinsu, dukansu, har da wanda ba ya ga maciji da shi. Daga nan suka tafi wata ƙasa mai nisa domin su ga yadda ake zubar da shara a can, suka dawo da manyan akwatuna da hotuna a bakin teku. Sai hutu ya zo. Ni ban ga laifinsu ba, duk wanda ya yi irin wannan tafiya yana bukatar hutu. A tsakanin nan wani ƙuduri na sauya labule da kujerun ofisoshinsu ya shigo da safe yana fari, kafin azahar ya yi kore shar. Tela ya nuna mini, na ce ka ga shaida ke nan cewa shafin yana aiki.

A ƙarshe dai aka yi karatun na biyu. Mai Girma Sai-na-dawo ya yi jawabi mai ratsa jiki. Wani da muke kira Mai Girma Na-goyi-baya, wanda ba a taɓa jin wata kalma daga bakinsa ba sai wannan, na kusa da shi ya taɓa shi, ya farka ya goyi baya. Aka miƙa ƙudurin ga kwamitin muhalli. Ya yi ɗorawa, ya zauna a ɗorawa har damina ta zo ta wuce, Auta ta kwanta asibiti ta fito.

Sai wata rana Tela ya shigo gidana ko sallama bai ƙarasa ba, waya a hannu. Shafi ya nuna cewa kwamiti zai kawo ziyarar gani da ido layinmu mako mai zuwa. Za su zo da kansu su ga bolar, su shaƙi abin da muke shaƙa, su rubuta rahoto. Abin da muke ta roƙo ke nan.

Da yamma aka taru a ƙofar gidan Baba Mai Ritaya, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar layinmu. Mutum ne mai tsafta da son girma, wanda ko shara zai zubar sai ya goge takalmi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Yarana, manyan baƙi za mu yi. Da 'yan jarida, da masu ɗaukar hoto. To, a haka za su same mu? A nuna mu a talabijin cikin ƙuda da leda? Ni ina da surukai a garin nan."

Kowa ya tuna nasa surukan.

Tela ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ni dai gani nake in muka kwashe, me za su gani?"

Baba ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Za su ga mutane masu mutunci, ɗana. So kake a ce mu ƙazamai ne? Ai bayani za mu yi musu da baki. Mutum ya zo gidanka, ka tarbe shi da wari?"

Wata daga cikin matan layin ta ce gaskiyar Baba, ita ba za a ga bayan gidanta a haka ba. Tela ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ba haka yake nufi ba. Kafin a tashi har ya ɗauki alkawarin ɗinka ƙyallen maraba.

Jama'a, abin da muka kasa samu daga hukuma shekara da shekaru, kunya ta sa muka yi shi a mako guda. Muka fito kwanmu da kwarkwatarmu, da shebur da manjagara da baro. Wani direba a layinmu ya lallaɓo abokinsa mai tuƙa katafila a wurin wani gini, ya zo ya tura tsaunin sharar cikin wani kwari da ke baya. Aka kawo tankar ruwa aka kashe wutar da ko ruwan sama ya kasa kashewa. Aka zuba jar ƙasa aka daddaɓe. Baba da kansa ya je kasuwa ya roƙi direbobin motocin shara su yi mana kara su ɗaga ƙafa har baƙi su tafi, suka ce ba komai, ai ana tare. Aka shafa wa katangu farar ƙasa, aka jera duwatsu aka shafa musu su ma. Wata ta kawo tukwanen furanni daga gidan da take aiki, aro. Saboda ƙurar aikin, Tela ya kai Auta gidan gwaggonta a can ɗaya gefen gari. Yarinya ta yi kwanaki tana shaƙar iska mai kyau, tari ya lafa, kumatu suka fito.

Ranar ziyara muka kafa rumfa, muka jera kujerun roba. An ce da hantsi za su zo, suka iso rana ta karkata, da jiniya da motoci masu baƙin gilashi da suka fi gidajen layin yawa. Shugaban kwamiti, Mai Girma Hanci-a-hankici, ya fito ya riga ya toshe hanci tun daga cikin mota, don an gaya masa abin da zai tarar. Ya tsaya. Ya janye hankicin kaɗan. Ya shaƙa. Ya sake shaƙa. Ya dubi fili fes, jar ƙasa a daddaɓe, ga furanni, ga ƙyallen Tela yana kaɗawa da rubutun maraba da zare mai ruwan zinariya.

Sai ga Auta cikin sabuwar riga, an dawo da ita da safen nan don ta miƙa furanni. Ta yi gaisuwar da aka koya mata da murya garau, ko gyaran murya ba ta yi ba. Mai Girma ya dafa kanta, masu hoto suka yi ta walƙiya.

Ya juyo gare mu ya ce, "To jama'a, yaya unguwa? Ina fatan kowa lafiya?"

Muka haɗa baki, mu duka, har da ni mai rubutu a jarida, muka ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, sai godiya!"

Na ga wani ma'aikaci a bayansa ya rubuta.

Baba ya miƙe zai yi bayanin da ya yi alkawari. Ya fara da godiya ga Mai Girma, da mataimakinsa, da sauran masu girma ɗaya bayan ɗaya, da iyayen da suka haife su. Yana gab da isowa kan bola wani ya raɗa wa shugaban kwamiti magana a kunne, ya dubi agogo, ya ce sun ga abin da suka zo gani. Tela ya yi ta maza ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan bolar take, wallahi har ta fi gidana tsawo." Mai Girma ya dubi inda yake nunawa, ya ga tukunyar fure, ya yi dariya ya bubbuga kafaɗarsa ya ce lallai layin nan akwai masu barkwanci.

Washegari da sassafe motocin shara suka dawo, da bashin kwanakin da suka ɗaga mana. Kafin mako ya zagayo wuta ta kama kanta.

Ba a jima ba ƙudurinmu ya yi kore. Tela ne ya fara gani, ya fito layi da gudu ba takalmi yana ɗaga waya sama. Mata suka yi guɗa, Baba ya ce ai ya gaya mana mutunci ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni ma har na fara tsara yadda zan nemi afuwar masu girma a wannan fili. Sai na sa tabarau na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan koren. Kwamiti ya ziyarci wurin da aka bayar da misali, bai ga bola ba, bai ji wari ba, ya ga yara cikin ƙoshin lafiya, mazauna kuma sun tabbatar da bakinsu cewa lafiya lau suke. Saboda haka babu bukatar dokar a yanzu, an jingine ta. Tunda shafin ba shi da ja, duk abin da aka gama da shi kore ne, ko an haife shi ko an binne shi.

Ban taɓa jin nauyin karatu irin na ranar ba. Tela ya karɓi wayarsa, ya sa a aljihu, ya koma shago. Har dare ban ji ƙarar kekensa ba.

Mun je wurin Mai Girma Sai-na-dawo. Ya nuna matuƙar takaici, ya ce mu ne muka ɓata masa aiki, kuma a wannan karon ban iya musa masa ba. Ya ce kada mu damu, zangon majalisar ya kusa ƙarewa, duk ƙudurin da bai wuce ba zai mutu tare da shi, amma in muka sake zaɓensa zai kawo shi sabo fil, daga karatu na farko. Muka ce yaushe za mu zauna a tsara? Kun san amsar.

Kada ku ce ba mu samu komai ba. Kwamitin ya ji daɗin tarbar da muka yi masa, ya kawo shawarar a karrama mu. Wannan ta wuce a zama ɗaya, Na-goyi-baya ma ba a tashe shi ba ya goya. Aka aiko da allon ƙarfe mai kyau aka kafa a bayan gidan Tela, an rubuta cewa layinmu abin koyi ne wajen tsafta. Yanzu shara ta kai masa wuya, kalmar tsafta kaɗai ake gani, awaki na hawa su huta a inuwarsa.

Shi ya sa yau na tarar da Tela yana kwance keke. Ya samu ɗaki biyu na haya kusa da gwaggon Auta, inda ba wanda ya san shi, ba wanda ya taɓa kai masa ko ɗinkin maɓalli. Gidan ubansa kuwa zai rufe, don ba mai saye, ba mai haya.

Ya ga yadda nake tsaye da riga a ƙugu, ya ce in shiga bayan labule in miƙo wandon. Na ce ya bari, yana da abin da ya fi wannan. Ya ce, "Haba Malam, in bar ka a haka, a ce maƙwabcin wa?" Ya zaro allura daga wuyan rigarsa ya ɗinke shi da hannu, a zaune kan buhun yadi, ɗinki ƙanana a jere kamar na keke. Da mota ta zo muka ɗora kayan. Auta ta hau gaba tana ɗaga wa kowa hannu, murna take za ta shiga mota. Ya kulle ƙofar, ya daɗe yana jijjiga kwaɗon ko ya kama, sannan ya miƙo mini makullin ya ce in riƙa leƙawa saboda ɓeraye.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Tela, yaya kake ji?"

Ya dubi gidan, ya dubi hayaƙin da ke tashi a bayansa, ya ce, "Lafiya lau, Malam."

Yanzu haka shafi ya nuna wai kwamitin hanyoyi zai zo duba ramukan titinmu, kuma na ji Baba Mai Ritaya ya fara cigiyar mai tifar ƙasa. Na bi gida-gida na ari duk shebur ɗin layin, na tura su ƙarƙashin gadona. Na kuma gaya wa mai ɗakina cewa wannan karon in Mai Girma ya tambaye ni yaya unguwa, sai ya yi da-na-sanin tambaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga wankin da take yi. Ta ce ta san ni, in dai mutumin ya yi mini murmushi, har iyalinsa zan tambaya.